Garin Gyaran Gira: Abin Da Hujin Harshe Ya Ci Wa Autarmu

 An ce mace 'yar kwalliya ce, ni kuwa ban zo musun wannan ba, domin ko ni ba na fita unguwa sai na tsaya gaban madubi. Tun zamanin kakanninmu baki yana da nasa kason a cikin ado. Tsofaffinmu sun ci goro sun goga fure har haƙora su yi jawur, iyayenmu sun je aikin Hajji sun dawo da haƙorin Makka yana walƙiya, mu kuma muka taso da jan baki da man leɓe. Kunne da hanci kuwa tun yarinya tana ƙarama ake huda su, ba mai cewa don me. Amma a iya tasowata ban taɓa jin an huda harshen 'ya mace an zura masa ƙarfe da sunan ado ba, sai a 'yan shekarun nan.

A Amurka da Turai wannan ado ya yi tashe, tun cikin shekarun 1990, lokacin da mawaƙa suka riƙa fitowa da shi matasa suna kwaikwayo. A da nisa ya raba mu da su, yanzu kuwa waya ta haɗa mu. Yarinya tana kwance a ɗakin uwarta za ta buɗe TikTok ko Instagram ta ga wata ta zaro harshe, ga ɗan dunƙulen ƙarfe yana ƙyalli a tsakiyarsa, jama'a sai yabawa suke yi. Wasu leɓen ƙasa suke hudawa, wasu kumatu, wasu kuma 'yar siririyar fatar nan da ta haɗa leɓen sama da dasashi, don in sun yi murmushi zobe ya leƙo a kan haƙora. To amma a abin da na lura, 'yan matanmu na nan hujin harshe suka fi yi wa sha'awa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: shi ne ake iya ɓoyewa. Wadda ta huda leɓe ba za ta ƙetare zauren gidansu ba a tare ta ba. Wadda ta huda harshe kuwa sai ta tsuke bakinta, ta durƙusa ta gaida Baba ta wuce ciki.

Ɓoyon nan shi ya fi tayar min da hankali, shi ne kuma ya sa na ɗauki biro. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Kano, na daɗe ina koyar da yadda jikin ɗan Adam yake aiki, amma a cikin gidanmu na ga wannan al'amari da idona. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, ta ce in faɗa in dai ba zan kama sunanta ba. Don haka Auta zan kira ta, kamar yadda muke kiranta a gida.

Autarmu wankan tarwaɗa ce, doguwa, mai yawan fara'a. In ana maganar kyanta abin da kowa yake fara ambata haƙoranta ne, farare tas, a jere reras kamar an sa zare an daidaita su. Ta gama jami'a, ta samu miji na kirki, an sa rana. Saura mako bakwai biki ta zo gidana don mu yi lissafin kayan kicin da Umma ta ɗora mana sayensu. Ana zafi ranar, na kawo mata zoɓo mai ƙanƙara. Kurɓa ɗaya ta yi ta dire kofin, ta dafe kunci, idanunta suka ciko da ƙwalla.

Na ce, "Ke lafiya? Haƙori ne?"

Ta gyaɗa kai. Na ce ta buɗe in gani, ta kawar da fuska. Na sake magana ta ce ai ba komai, zai daina. Ni kuwa da na goyi yarinyar nan a bayana na san duk lokacin da take ɓoye wani abu. Na rufe littafin lissafin na ce ba inda za ta sai na ga bakin nan. Ta daɗe tana wasa da gefen mayafinta, can ta ce cikin rawar murya, "Yaya, don girman Allah kar ki gaya wa Umma."

Ta buɗe. Gabana ya faɗi. Wani ɗan abu ne na roba mai kama da ruwa a tsakiyar harshenta, wanda in ba ka ƙura ido ba ba za ka lura da shi ba. Ashe wannan shi ne na zaman gida. Na ƙarfen yana cikin jakarta a ƙulle a leda, ɗan sanda ne siriri mai dunƙule biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin harshe, shi take sawa a makaranta da wurin ƙawaye. Shekara biyu da wata huɗu ke nan yana bakinta, duk gidan ba wanda ya sani.

Ban yi mata faɗa ba, don na ga tsoro ya riga ya gama da ita. Na ce ta ba ni labari tun daga farko.

Su uku ne ƙawaye a ɗaki ɗaya. Akwai wata ɗaliba a ɗakunan kwanansu mai yin lalle da kitso, ta ƙara da huji don neman na kashewa. Wani saurayi da Auta take yi a lokacin shi ya riƙa turo mata hotuna yana cewa zai yi mata kyau, ita ce wayayyiya. Ranar wata Asabar su ukun suka je. Allura ɗaya mai hujin take da ita ranar, sai ta riƙa ƙona bakinta da laita tana gogewa da sifirit tsakanin wannan da waccan. Auta ce ta ƙarshe. Ta ce jinin da ta tofar ya kusa cika gwangwanin madara, suna kuka suna dariya suna ɗaukar hoto.

Kwana uku ba mai iya cin abinci a cikinsu, daga kunu sai tsotson ƙanƙara. Na Auta da na ɗaya ƙawar ya fara saɓewa a kwana na huɗu. Na ta ukun kuwa sai gaba yake yi. Kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓarta ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ta, muryarta ta sauya, yawu yana dalala ba ta iya haɗiyewa. Suka ce a kira gidansu, ta riƙe hannun Auta tana girgiza kai, ta rubuta a waya cewa in babanta ya ji ta gama karatu ke nan. Sai suka riƙa sayo mata ƙwayoyi a kemis, alhali ko haɗiyar ƙwayar ta gagara. A dare na biyar ta kasa kwanciya, in ta kwanta numfashi ya ɗauke, sai a zaune ta turo wuya gaba tana jan iska da ƙyar. Ƙarfe biyun dare aka ɗauke ta zuwa asibiti. Sai da likitoci suka tsaga ƙarƙashin haɓarta suka fitar da mugunya, ta yi kwana tara ana ƙara mata ruwa da allurai. Iyayen da ake gudun kar su ji, a daren aka kira su, don ba a shiga da ita ɗakin tiyata sai da sa hannunsu. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ta rayu, amma tabon yana nan a wuyanta.

Na ce, "Auta, kin ga wannan da idonki, kuma ba ki cire naki ba?"

Ta ce, "Yaya, ai nawa ya warke. Na ɗauka wanda ya tsallake satin farko ya tsira."

Wannan zato nata shi ne zaton mafi yawan masu yi, kuma washegari likitar haƙori ta nuna mana inda ya kuskure. Mace ce mai haƙuri, ba ta yi wa Auta ko kallon banza ba. Ta haska fitila, ta ɗauki hoton haƙoran, sannan ta kira ni ta ce in matso in gani. Turmin haƙori guda na ƙasa ta hagu ya tsage tun daga sama har ya kai ga jijiya, shi ne mai hana ta shan sanyi. Auta ta tuna ranar, tana cin gyaɗa ta gartsa wa dunƙulen cizo har ta ji ƙas a cikin kanta. Ɗaya daga haƙoran gaba na sama gefensa ya ɓantare kaɗan. Sai likitar ta zura ɗan madubinta a bayan haƙoran gaba na ƙasa ta ce, "Malama, wannan ne ya fi damuna." Dasashin da ya kamata ya rufe gindin haƙora biyu na tsakiya ya zame ƙasa, saiwarsu ta fito fili, rawaya-rawaya, sun yi tsawo kamar ba na yarinya ba. Ta gaba ba a ganin komai, shi ya sa ko ita mai bakin ba ta sani ba.

Auta ta ce, "Likita, in na cire zai koma?"

Ta ce, "Ramin harshen zai toshe, ƙanwata. Dasashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Abin da za mu yi yanzu shi ne mu hana shi ƙara tafiya."

A nan nake so ki tsaya ki fahimce ni, 'yar uwa, domin nan ne bambancin baki da kunne yake. Fatar kunne tana zaune ne wuri ɗaya, ba ta tauna, ba ta magana, ɗan kunne ba ya gogar komai. Harshe kuwa tsoka ce da ba ta hutawa. Duk kalmar da kika furta, duk yawun da kika haɗiya, duk lomar da kika juya, sai ya motsa, kuma duk motsinsa ƙarfen nan yana bugun abin da yake kusa da shi. Dunƙulen ƙasa yana kwanciya ne daidai bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda dasashi ya fi ko'ina sirantaka. Yau guga gobe guga, sai naman ya janye, ƙashin da yake riƙe da haƙorin shi ma ya riƙa zaizayewa a hankali. Saiwar haƙori ba ta da farin ɓawon nan mai kare shi, don haka da ta fito sai tsami da sanyi su riƙa ratsa ta, ruɓa ta samu ƙofa, in abin ya yi nisa haƙori ya soma girgiɗi. Mai hujin leɓen ƙasa ita ma haka ne, sai dai nata ta gaba yake ci, domin faifan da yake riƙe ƙarfen daga ciki a kan dasashin gaba yake zaune. Gyaran irin wannan sai ƙwararren likita, wanda zai yanko nama daga ganɗarki ya dasa a wurin, kuma ba kowane gari ake samun mai yi ba.

Farin ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi. Amma ƙashi in ya karye yakan haɗe, fata takan warke, farce yakan sake tsirowa, shi kuwa in ya ɓantare ya tafi har abada. Sau biyu kacal ake ba mutum haƙori, 20 na yarinta da 32 na girma, daga nan sai na roba. Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, to ina ga an sa ƙarfe a tsakaninsu? Kuma kusan duk mai hujin harshe takan koyi wasa da shi ba tare da ta sani ba, tana karatu tana ƙwanƙwasa shi a haƙora, tana kallo tana cizonsa. A shekarar 2010 likitocin haƙori na wata jami'a a birnin Buffalo na Amurka sun ba da rahoton wata mace 'yar shekara 26 da ta yi shekara bakwai tana tura dunƙulen tsakanin haƙoranta na gaba na sama, har suka rabu suka bar giɓi, alhali da can a haɗe suke. Na san wata za ta yi dariya ta ce ai ta samu wushirya a kyauta. Ita dai mai bakin ba ta ga kyauta ba, sai da aka ɗaura mata wayar gyaran haƙori kafin su koma mazauninsu.

Wannan ɓarnar ta sannu-sannu ke nan. Ta gaggawa kuwa ita ce ta kusa tafiya da ƙawar Auta. Masana sun gano ƙwayoyin cuta iri fiye da 700 da suke iya zama a bakin ɗan Adam. Muddin fatar bakin lafiya take yawancinsu ba sa cutar da mu. Huji kuwa rami ne da aka buɗe musu tun daga saman harshe har ƙasansa, a wuri mai ɗumi da danshi wanda abinci yake bi sau uku a rana, kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya warke. Ba a iya ɗaure shi da bandeji, ba a iya hana shi jiƙewa. In ƙwayoyin suka sauka ƙarƙashin harshe, kumburin yakan tura harshen sama da baya ya toshe hanyar iska, mutum ya shaƙe yana ji yana gani. Ga manyan jijiyoyin jini a cikin harshe, ɗaga naki a madubi ki ga shuɗɗan nan biyu a ƙasansa. In allura ta kauce ta sami babba, jinin ba ya tsayawa da auduga. In ta taɓa jijiyar ji kuma, wani sashen harshen ya mutu, wani lokaci na 'yan makonni, wani lokaci ya zauna haka. Dunƙulen da kansa yakan kwance, a haɗiye shi cikin barci, in an yi rashin sa'a ya bi hanyar huhu. Ƙarfen mai araha kuwa sau da yawa akwai sinadarin nikel a cikinsa, irin wanda yake sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje in sun sa ɗan kunnen gwanjo, to ki ƙiyasta wannan a cikin baki.

Akwai kuma waɗanda haɗarinsu ya ninka na kowa. Yarinyar da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya taɓa mata ƙofofin zuciya, kuma irinsu suna da yawa a ƙasarmu, wasu ba su ma san suna da shi ba, in ƙwayoyin baki suka shiga jininta suna iya zuwa su maƙale a zuciyar su ci ta. Likitoci sun rubuta labarin waɗanda hakan ta same su bayan hujin harshe, har da waɗanda mugunya ta taru musu a ƙwaƙwalwa. Ba kullum hakan take faruwa ba, amma wadda ta faɗa wa ba ruwanta da cewa abin ba shi da yawa. Mai sikila da mai ciwon suga su ma jikinsu ba ya yaƙar ƙwayar cuta kamar na sauran mutane. Saboda irin waɗannan dalilai ne Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka, ƙasar da abin ya yi tashe, take ba da shawarar a guji hujin baki. A yankin Wales na Birtaniya kuwa tun shekarar 2018 laifi ne a huda harshen wanda bai kai shekara 18 ba, ko da iyayensa sun yarda. Can ke nan, inda ake yi a shago mai lasisi da allura sabuwa a leda. Ina ga namu na ɗakin makaranta da bayan shagon gyaran gashi?

Maganar allura ita ta hana mu barci ni da Auta. A Kano tun shekarar 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, ciki har da na ƙanjamau da ciwon hanta. Auta tana ta ɗaga ranar zuwa gwajin, angon yana tambaya tana kawo uzuri, ashe allurar nan ɗaya da aka yi wa mutum uku ce take yi mata yawo a rai. Tana da hujjar jin tsoro. Binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, yawancinsu garau suke ba su sani ba. Ƙwayar tana iya yin kwana bakwai da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma allurar huji rami gare ta a ciki, inda goga sifirit ba ya kaiwa. Rigakafin wannan ciwo sai a 2004 aka shigar da shi cikin alluran jarirai a ƙasar nan, Auta kuwa an haife ta kafin nan. Na riƙe hannunta muka je. Zaman jiran sakamakon nan ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi shiru irinsa ba, bakinta yana motsi kawai. Da ma'aikaciyar ta ce babu komai, sai ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. A ranar aka yi mata allurar rigakafi ta farko cikin uku.

Saura Umma. Tun a gidana na gaya wa Auta ba zan kai ƙararta ba, amma kuma ba zan taya ta ɓoyo ba, ita za ta faɗa da bakinta ina zaune kusa da ita. Dole ma a faɗa, domin aikin turmin nan, kashe jijiyarsa da sa masa hula da cikon na gaba, zuwa huɗu ne wurin likita, kuɗinsa kuwa sai da ya cinye kusan rabin abin da aka ware na kayan kicin. Bayan sallar isha'i muka same ta a ɗaki. Auta ta durƙusa ta faɗi komai tana kuka. Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Auta, da ke ce kika shaƙe a ɗakin makarantar nan, me za a zo a ce min ya kashe ki? Ni dodo ce da za ki gwammace mutuwa da ki kira ni?" Ta jawo ta jikinta ta ce ta buɗe bakin ta gani. Wannan tambaya ta Umma ta fi duka zafi, har ni da ba ni na yi ba sai da na share hawaye.

An yi biki lafiya. Angon da ta gaya masa cewa ya yi Allah ya kiyaye gaba, shi ya kai ta zuwan ƙarshe wurin likita. Saurayin da ya zuga ta kuwa tun kafin su gama makaranta ya kama gabansa, ko sisinsa ba ta shiga kuɗin gyaran ba. Ita ce dai har yau ba ta gatsar rake da haƙoran gaba, kuma duk wata shida sai ta je an auna dasashin.

To ƙanwata, in kina cikin masu sha'awa ba ki riga kin yi ba, ki bar shi a hoto. Mai hoton ba za ta juyo miki da bayan haƙoranta ba, ba kuma za ta ɗora hoton ranar da take tofar da mugunya ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

In kuwa kin riga kin yi, ba zagi na kawo miki ba, ga abin da nake roƙonki. Idan sabo ne, ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane cin abinci, kada ki taɓa shi da hannun da ba ki wanke ba, kuma ki sa ido a kan waɗannan alamu: kumburin da yake ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya ragu, tauri ko kumburi a ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi, mugunya mai wari, jinin da ya ƙi tsayawa, wahalar haɗiya, sauyin murya. Ko ɗaya kika gani, asibiti za ki nufa a lokacin, ko tsakar dare ne, ba kemis ba. In numfashi ya fara yi miki wuya kuwa, minti ma yana da daraja. Kada ki tsaya kokawar cire ƙarfen daga harshen da ya kumbura, ki bar wa likita, kuma ki gaya masa gaskiyar abin da aka yi da ranar da aka yi. Ki sanar da wani babba, Yayarki ko Gwaggonki ko malamar da kika yarda da ita. Faɗan gida kwana nawa ne? Yana wucewa.

Idan kuma ya daɗe ya warke, kina ganin kin tsira, ki ɗauki ƙaramin madubi ki haska bayan haƙoranki na ƙasa yau ɗin nan. Ki lura ko wani ya fi 'yan uwansa tsawo, ko dasashi yana jini in kina goge baki, ko ruwan sanyi yana ratsa ki. Ki je likitan haƙori ya duba ko ba kya jin ciwo, domin wannan ɓarna ba ta sallama. Ki yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, in babu ki karɓi rigakafin hanta, allura uku ce cikin wata shida. Mafi alheri dai ki cire shi tun haƙoran suna tsaye da ƙafarsu. Na roba ya fi na ƙarfe sauƙi a kan haƙori, amma shi ma yana gugar dasashi, yana kuma tara datti.

Ku kuma iyaye da yayye da malamai 'yan uwana, in kun ga yarinya mai surutu ta koma magana baki a tsuke, ko ta kwana biyu ba ta cin abinci sai ruwa-ruwa tana cewa miki ne, ku jawo ta a hankali ku tambaya. In ta faɗa, a fara kai ta asibiti, faɗa ya biyo baya. Yarinyar da ta san za a saurare ta ba ta kwana biyar da kumburi a wuya tana rubuta wa ƙawaye kar a kira gida.

Lalle yana gogewa, kitso ana tsefe shi, yayin atamfa yana wucewa a ɗinka wata. Haƙoran da kike murmushi da su yau kuwa da su za ki yi wa mijinki dariya, da su za ki tauna goron sunan jikokinki in Allah ya ba ki tsawon rai. Ki riƙe su da kyau. Allah ya kare mana 'ya'yanmu da ƙannenmu, ya sa mu gama lafiya.